Mai Ciwo Da Doguwar Hanya: Nasiha Ga Matasan Adar

Ƴaƴana da ƙannena na Ibohaman da kewaye, daga Keita zuwa Buza har gangarawa Madawa, magana nake so mu yi a kan abu biyu da duk wanda ya tashi a Adar ya san su tun yana goye: ciwo da doguwar hanya.

Ƙasarmu ta dutse ce. Wanda aka haifa a nan ƙafarsa ce abin hawansa na farko. Da ita yake zuwa rijiya, da ita yake hawa tudu zuwa gona, da ita yake cin kasuwar ƙauyen da ke bayan ƙorama, ranar da jiki ya ƙi kuma da ita yake neman gidan likita. Don haka ba na tsoron ku kasa tafiya, kun gaje ta. Abin da ke damuna shi ne an koya muku cije haƙori, ba a koya muku lissafin hanya ba. Saurayi zai yi wata biyu yana tari, yana ramewa, gumi na jiƙa masa tabarma da dare, in ka yi masa magana ya ce ai namiji ba ya kwanciya, ɗan sanyi ne, zai wuce. Budurwa za ta ɓoye ciwon da ke cin ta don kada a ji a gidan da ake neman aurenta. Su a ganinsu haƙuri suke yi. Ni kuwa na binne mutane da yawa da irin wannan haƙurin ya kai ƙasa, shi ya sa ba na kiran sa haƙuri. Taurin kai ne da tsoron bakin mutane.

Kakanninmu da suka yi tafiyar ƙasa ta gaske ba haka suka yi ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, har kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yau, watanni suke yi a hanya, zuwa da dawowa kan cinye mafi yawan shekara. Ba su kai can da ƙarfin tuwo ba. Ayari yana da madugu, shi ya san inda rijiya take, ya san sarkin da ake biya fito da dajin da ba a kwana. Ana ɗaura wa jakuna kaya tun da asuba, a yi tafiya da sanyin safiya, kafin rana ta yi tsanani an sauka zango. A duba kofaton dabba, a duba ƙafar yaro, a dafa abinci. In an ga mutane sun jigata sai a kwana biyu a wuri guda, ba wanda zai ce madugu rago ne. Wanda ya ce shi gwarzo ne, ya wuce ayari don ya riga kowa, shi ake tararwa a gefen hanya.

Haka mahajjatan da suka nufi gabas a ƙasa. Ta Barno da Cadi da Darfur suke bi, su ratsa Sudan har bakin Bahar Maliya a Sawakin, sannan su shiga jirgin ruwa. Wani shekara biyar, wani goma, wani ya tafi da jariri ya dawo da saurayi. In guzuri ya ƙare sai su tsaya su yi noman damina guda, ko su tsinci auduga a gonakin Jazira, su tara abin da za su ci gaba. In ciwo ya kama mutum sai ya zauna ya warke. Mutanen Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira daga yaƙin Burmi a 1903 haka suka ci gaba a ƙarƙashin ɗansa Mai Wurno, garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yana nan da sunansa, ana Hausa da Fulatanci a cikinsa har gobe. Mu nan kusa ma, Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, wanda kabarinsa ke yankin Madawa, ya je Makka ya dawo a zamanin da babu mota babu jirgin sama. Waɗannan mutane sun san cewa tsayawa a zango tana cikin tafiya.

To jinya ma tafiyar fatauci ce. Tana da madugu, tana da zango, tana da guzuri, kuma ba a cewa an iso sai an sauke kaya. Bari in tsaya a kan tarin fuka, domin shi ne ciwon da ya fi nuna wannan, shi ne kuma na ga ya fi cin samarinmu masu zuwa biɗa, wato neman kuɗi a nesa da gida.

Kun san yadda ake kwana a can. Mutum goma, goma sha biyar a ɗaki guda a Abijan ko Legas ko Sabha, taga a rufe, abinci sai wanda ya samu. Ga masu shiga ramin zinariya a Jado da Cibarakaten suna shaƙar ƙurar dutse. Mutum guda mai tari ya isa ya raba wa ɗakin duka, domin ƙwayar cutar a iska take tafiya. Ba sammu ba ne, ba gado ba ne, ba kuma gashin mage aka haɗiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum kusan miliyan 10.8 suka kamu da tarin fuka, wajen miliyan 1.25 suka mutu. Abin baƙin ciki, ciwo ne mai magani. Ana gwada majina, in an ga cutar a ba ka ƙwayoyi, kuma a Nijar maganin kyauta ne. Wata 6 ake sha. Wata 2 na farko magani huɗu ne a haɗe, sauran wata 4 magani biyu. Ɗaya daga cikinsu yana mai da fitsari ja, kada wannan ya firgita ku, ba jini ba ne.

Inda ake faɗuwa shi ne nan. Bayan ƴan makonni tari ya lafa, zazzaɓin dare ya tafi, mutum ya soma cin tuwo, kumatu su dawo. Sai zuciya ta ce masa ya warke. Kaka ta yi, abokai suna ɗaure jaka, motar Agadas ko ta Ƙonni tana jira, ga bashin da aka ci lokacin jinya. Sai ya jefa sauran ƙwayoyin a aljihu, ko ya bar su a saman rumbu, ya tafi. Alhali cutar ba ta mutu ba, masu rauni cikin ƙwayoyinta ne suka mutu, masu taurin suna nan kwance. In suka farfaɗo suna iya dawowa da ƙarfin da maganin farko ba ya taɓa su. Wannan shi ne tarin da ba ya jin magani, jinyarsa ta fi tsawo, ta fi wahala, kuma ba kowane gidan likita ke yin ta ba, sai an kai mutum babban gari. Sannan wanda ya kamu daga gare shi, matarsa ce ko ɗansa, irin mai taurin zai ɗauka kai tsaye.

Akwai ɗan ƙanwata da ya yi haka. Yaro mai ƙarfi, mai ladabi, bai taɓa ƙin aike ba. Ya sha maganinsa har ya ji daɗi, ya ce kunya yake ji ya zauna uwarsa tana ciyar da shi. Muka yi, muka yi, ya tafi. Damina ba ta faɗi ba aka dawo da shi a kwance. Allah Ya jiƙansa. Ba lalaci ya kashe shi ba, zuciya ce da gaggawa. A unguwarmu kuma akwai wata baiwar Allah, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ita ma tarin ya kama ta. Ranar karɓar magani takan fito tun kiran assalatu da sandarta da gorar ruwa, ta san itacen da take hutawa a ƙarƙashinsa, ta san gidan da za ta roƙi a ƙara mata ruwa. Ranar da ƙafa ta ƙi sai ta roƙi mai amalanke. Mutane suna kauda kwanonsu in ta zo, ba ta fasa ba. Ta cika watanninta, aka sake gwada majinarta aka ce ta warke. Yau ita ke aurar da jikoki. In aka tambaye ni wane ne jarumi cikin su biyun, ba na jinkirin amsa, ko da yake ɗayan jinina ne.

In tafiya ta zama dole ga mai shan magani, akwai hanya. Ka je wurin malamin asibitin da ke ba ka, ka faɗa masa gaskiya cewa za ka tafi wuri kaza, ya rubuta maka takardar da za ka ci gaba da karɓa a can, ka riƙe katinka kamar yadda kake riƙe katin ɗan ƙasa. Wannan bai kai wahalar neman kuɗin mota ba.

Ku tambayi tsofaffinku labarin kurkunu. Yawancinku ba ku taɓa ganin sa ba, alhamdu lillahi. Tsutsa ce da ake sha a ruwan tafki, ta yi kusan shekara a jiki, sannan ta huda ƙafa ta fito, tsawonta ya kan kai mita guda. Tana fitowa ne daidai lokacin da ake bukatar mutum a gona. Ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Abin da ake yi shi ne a naɗe kanta a ɗan tsinke, kullum a murɗa kaɗan, wata rana tsawon gaɓar yatsa kawai za ta ba ka, haka har makonni. Wanda ya ƙosa ya fizge ta, sai ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, wani ya gurgunce ke nan har abada. Kuma yadda aka fid da ita daga ƙafa, haka aka fid da ita daga ƙasa: tace ruwa da ƙyalle, hana mai ciwo shiga tafki, haƙa rijiyoyi, ƙauye bayan ƙauye, shekara bayan shekara. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke fama da ita a duniya. A 2013 aka ba Nijar shaidar rabuwa da ita, yanzu kuma a duniya duka waɗanda ke kamuwa a shekara ba su kai ashirin ba.

Wani zai ce to ina tawakkali? Ciwo daga Allah yake, sauƙi ma daga gare Shi. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya isa ya ƙara wa kansa kwana guda. Amma addinin da ya ba mu labarin haƙurin Annabi Ayuba, shi ne ya nuna mana cewa Ayuba ya kai kukansa ga Ubangijinsa, kuma da sauƙi ya zo an umarce shi ya yi wanka ya sha ruwa, wato ya riƙi sababi. Addinin nan ya sauke wa mara lafiya da matafiyi azumi su rama daga baya, ya rage wa matafiyi salla, ya yarda mai ciwo ya yi ta a zaune. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wani tsoho ana riƙe da shi tsakanin ƴaƴansa biyu yana jan ƙafa. Ya tambaya, aka ce ya yi bakance ne zai je Ka'aba a ƙasa. Sai ya nuna cewa Allah ba Ya bukatar mutumin nan ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. Wanda ya ƙi magani yana cewa tawakkali yake yi, ya je ya tambayi limamin unguwarsu ko haka Annabi ya koyar.

Akwai wani yaro a ƙasar Kanada da nake so ku san labarinsa, sunansa Terry Fox. Yana ɗan shekara 18, a 1977, aka gano cutar daji a ƙashin ƙafarsa ta dama, aka yanke ta daga saman gwiwa. Ya yi fiye da shekara yana karɓar magani mai zubar da gashi da sa amai, ya ga yara ƙanana suna mutuwa a ɗakin da yake kwance. Da ya tashi sai ya ƙudura zai ratsa ƙasarsu da gudu, daga gabas zuwa yamma, da ƙafar roba, don tara kuɗin binciken maganin cutar. Bai fita washegari ba. Ya yi fiye da shekara yana horar da jikinsa, ya soma da ɗan gajeren zango yana faɗuwa yana tashi. Ranar 12 ga Afrilu 1980 ya tashi daga garin St. John's a bakin teku, amininsa yana biye da shi a mota da ruwa da abinci. Yawancin ranaku kusan kilomita 42 yake yi, dungulmin ƙafar yana jini. Ya yi kwana 143, ya ci kilomita 5,373. Ranar 1 ga Satumba, kusa da garin Thunder Bay, tari da ciwon ƙirji suka tsananta, ya ce a kai shi asibiti. Cutar ta kai huhu. Ya rasu ranar 28 ga Yuni 1981 yana da shekara 22, bai ga ɗaya tekun ba. Amma kafin ya rasu an tara abin da ya roƙa, dala guda a madadin kowane ɗan ƙasar, wajen miliyan 24, kuma har yau ana yin gudu da sunansa duk shekara a ƙasashe da dama.

Mutane sukan tsaya a kan ƙafar robar. Ni abin da ya fi kama ni shi ne yaron ya gama jinyarsa kafin ya fita, ya shirya, ya tafi da aboki, tafiyarsa tana da dalilin da ya wuce kansa, kuma ranar da jiki ya ce a tsaya ya tsaya, ba wanda ya ce ya ji kunya. A 2015 an yi yayin tattaki a Najeriya, bayan wani matashi ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar zaɓe, sai ga samari ko'ina suna saɓa jaka. Ban raina ƙoƙarin kowa ba, ƙafa ta sha wuya. Sai dai kafin mutum ya ba jikinsa irin wannan aiki, ya kamata ya iya faɗa wa mahaifiyarsa abin da za a samu in ya isa.

Wannan ya kawo ni kan hanyar arewa. Ba zan ce kada ku je biɗa ba, na san abin da rumbu ke ciki a watan bakwai, kuma da kuɗin biɗa aka rufa gidaje da yawa a Adar. Amma hamada ba ta san jarumi ba. A watan Oktoba na 2013 motoci biyu suka lalace da mutane a arewacin Arlit, kan hanyar Aljeriya. Suka sauka suna neman rijiya a ƙasa. Gawa 92 aka tsinta, 52 yara ne, 33 mata, 7 maza, yawancinsu daga yankin Kance a jihar Damagaram. Ƙasa ta yi makokin kwana uku. Har yanzu kuma waɗanda ake korowa daga Aljeriya ana sauke wasunsu a kan iyaka cikin rairayi, su taka wajen kilomita 15 kafin su ga Assamaka. Kilomita 15 ba komai ba ne ga ɗan Ibohaman mai lafiya da safe. Ga wanda ya fito daga tsare da yunwa da zawo, ko mai ciki, ko mai tari, ita ce tafiyar da ta fi kowace tsawo a rayuwarsa. Wanda ya san jikinsa ba daidai yake ba, kada ya hau motar nan. Ya bari ya warke, Aljeriya ba za ta gudu ba.

Kuma ina roƙon ku da girman Allah ku rabu da tramol. Na san dalilin da ake shan sa: a yi noma ba a gaji ba, a yi dako, a yi tafiyar dare. Ba ƙarfi yake ba ku ba, kashe muku jin gajiya yake yi, alhali gajiya da zafin ciwo su ne ƴan aiken da jiki ke turowa ya ce a sauka. Wanda ya toshe bakin ɗan aike bai hana abin da ke tafe zuwa ba. Kun ga masu faɗuwa suna shure-shure kamar farfaɗiya a tasha, kun ga waɗanda ƙwaya biyu ba ta ishe su yanzu sai goma. Ba a nan juriya take ba.

In kuna neman inda take, ku dubi iyayenku mata. A lokacin yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, aka soma babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da taimakon ƙasar Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Maza sun tafi biɗa, mata ne suka yi mafi yawan aikin. Su suka ɗauki duwatsu a ka suna jera su a kan fako, suka haƙa ramuka a jikin tudu don tare ruwan da ke kwashe ƙasa yana zuba ta a fadama da madatsar ruwa irin tamu ta Ibohaman, suka dasa miliyoyin itatuwa, ladansu abincin yini. Da yawansu da goyo, wasu ba su daɗe da tashi daga ciwon yunwa ba. Ba wadda ta gyara tudu a rana guda. Kowace tana da ma'aunin aikinta na yini, ta cika, ta koma gida, gobe ta dawo. Inuwar da kuke zama a ciki yau a wuraren da dā ko akuya ba ta tsayawa, aikinsu ne.

Su ne kuma har yau ke yin tafiyar da ba a buga ta a rediyo. Uwa ta goya yaro mai zazzaɓi ko tamowa, ta riƙe wani a hannu, ta hau dutse ta gangara zuwa likita. Da damina ƙorama ta kawo ta tsaya jiran ruwa ya janye. A nan nake da magana da ku samari masu babur. Tun 2006 doka ta yafe kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki, ko da yake wani lokaci akan ce magani ya yanke a sayo a waje. Abin da doka ba ta yafe ba shi ne nisa. Zazzaɓin cizon sauro yana iya kashe ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu in ya hau kai. Mace mai naƙuda da ta kwana ta wuni ba ta sauka ba, ba haƙuri take bukata ba, likita take bukata, domin doguwar naƙuda ita ke kashe jariri ta bar uwa da yoyon fitsari, sai an kai ta irin asibitin Danja kusa da Maraɗi a yi mata aiki. Yaron da ya sanƙare wuya da zafin jiki a lokacin bazara, sanƙarau ake zato har sai likita ya ce ba shi ba ne. A irin waɗannan babu zango, babu jiran gari ya waye. Man da kuke ƙonawa zuwa kallon ƙwallo ya isa ya kai su Keita, in abin ya fi ƙarfin nan a wuce Tawa ko Galmi. Ku haɗu a unguwa ku san wanda ke da babur, wanda ke da amalanke, ku ajiye ɗan kuɗin mai a hannun amintacce tun kafin dare ya yi da mutum.

Wanda kuma Allah Ya tashe shi daga doguwar jinya, kada ya yi fushi da ƙafafunsa. Kwanciya tana cinye naman jiki da sauri, dawo da shi sai a hankali. Yau daga ɗaki zuwa zaure. Jibi zuwa masallaci. Mako mai zuwa zuwa bakin kasuwa, da sanda, da wani a gefe. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, motsa shi kullum da tsayar da shi da koya masa taku shi ne rabin maganinsa, barin sa a ɗaka cikin duhu don tausayi cutarwa ce. Mai ciwon suga ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare, kada ya yi tafiya ba takalmi, domin ƙaya na iya shiga bai ji ba. Mai sikila ya yawaita shan ruwa, ya guji gajiya mai tsanani da sanyin asuba na hunturu, kada ya yi gasa da kowa. Duk mai doguwar tafiya a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce awo 40, ya fita da asuba, ya sauka kafin azahar. In zawo ya kama shi a hanya, lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa har ya isa likita. In kuka ga abokin tafiya ya soma sambatu, jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ku kai shi inuwa, ku jiƙa shi da ruwa, ku yi masa fifita, ku nemi abin hawa. Kada ku ce masa ya daure saura kaɗan.

Abu guda da ban taɓa gani ba shi ne wanda ya gama doguwar jinya shi kaɗai. Kullum akwai wani a bayansa: ƙanwa mai tuna masa lokacin ƙwaya, aboki mai raka shi karɓo magani, maƙwabci mai yi masa noma ranar gayya. Ciwo yana zuwa da kaɗaici, musamman irin wanda mutane ke ƙyama. Mai tarin fuka da ya yi makonni yana shan maganinsa daidai, haɗarin ya harbi wani ya ragu ƙwarai. Abin da ake bukata shi ne a buɗe taga, ya rufe baki in zai yi tari, a kai yaran gidan a duba su. Ba a ce a daina gaishe shi ba. Wanda kuka guje wa yau, gobe in tarin ya kama ƙaninsa ɓoyewa zai yi, ya zauna cikinku a majalisa yana raba muku.

Saboda haka, ƴaƴana, in akwai wanda tarinsa ya wuce mako biyu a gidanku ko a cikin abokanku, ku raka shi gwajin majina a wannan makon, kada ku jira kasuwa ta zagayo. In akwai wanda ya soma magani ya ajiye, ku je ku same shi yau, ba da faɗa ba, ku ce masa ku tafi tare wurin malamin asibiti a ga inda za a kama. Wanda kuma yake kwance yana karanta wannan, ko ake karanta masa, Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne. Ka sha na yau, ka bar katinka inda za ka gan shi da safe.